Mai Tsinkowa Ita Ke Fara Ci

Ruwa ya sauka a Riyad makonnin baya, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo mini ta tagar gidanmu a Shumaisi. Kai mai karatu, ni ban san biro ba, amma wannan ƙamshin na iya karanta shi.

Ina 'yar shekara bakwai kakata ta ce in ɗauko ƙwarya, za mu samo naman kaza. Na bi ta ina haɗiyar yawu, a zatona gidan mai kaji za mu. Sai muka wuce gonakin gero, muka tsallake rafi, raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. A gindin wani suri ta durƙusa, ta nuna mini wasu fararen abubuwa masu hula.

"Ina kazar?" na ce.

"Ga ta nan, sakarya. Wannan ba ta gudu."

Ba ta koyarwa da lallashi. Ranar da na miƙa hannu ga laimar kwaɗi, wadda ke kashe mutum, sai da ta zuba mini tsumagiya a yatsu. Ta sa na shinshina wannan, na shinshina wancan, na duba ƙarƙashin hular, na fasa na ga ko launi zai juya. Damina uku ina binta kafin ta bar ni in tsinka da kaina.

Dokarta ɗaya ce. Wadda ta tsinko, ita ke fara ci. Za ta dafa, ta zauna a tsakar gida ta kai loma, kowa ya riƙe hannunsa sai inuwar rumbu ta matsa. Ranar da layi ya zo kaina, na tauna ina kallon idonta.

To, Juma'ar da ta wuce 'yata, wadda ke aikin nas a nan, ta kai mu bayan gari shan iska, ni da yaranta. Su suka shimfiɗa darduma, ni na bi ƙasa da ido. Na ga inda ta tsage ta ɗan kumbura. Na tona da bakin cokali, sai ga abu kamar dankali. Larabawa faga suke ce masa, na sha juya shi a hannu a kasuwar Dira, na san ƙamshinsa. Na cika gefen mayafina.

"Mama, haram! Wallahi ba za a dafa mini wannan a gida ba. Kin san waɗanda ake kawo mana asibiti?"

"Waɗanda ba su da kaka," na ce.

"Nan ba ƙauye ba ne. Ba zan sake fito da ke ba, khalas, magana ta ƙare."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Shekara shida ina tsakanin bango huɗu da sanyin na'ura, an riƙe mini iƙama, takardar izinin zama, a jaka kamar yarinya, yanzu kuma ƙasar ma za a hana ni.

Da muka koma na wanke yashin, na soya da man shanu da albasa. Na zauna a tsakiyar falo na ci, ita tana tsaye a kaina da waya a hannu. Babu rumbu a nan, sai na sa ido ga inuwar labule.

Da inuwar ta kai bakin kujera, na tura mata kwanon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta wanke hannu ta kai loma.

Na ce mata Juma'a mai zuwa ta ɗauko cokali biyu, mu yi tonon tare. Ba ta ce to ba. Ni ma ba tambaya na yi ba.