Yadda saƙon ruwa ya riga mu isa Maradun

Mun tashi da asuba daga Garbadu, bayan an gama ɗaurin gero. Mu uku ne a motar: direba, da ni, da wata malama daga ƙungiyar da ke turo mana hasashen damina ta waya. An ɗauke ni ne don na san hanya da mutane. Aikin malamar shi ne ta gano ko saƙon yana amfanar manoma. Tun kafin mu hau kwalta ta faɗa mini gaskiya: in ba a ga amfaninsa ba, baɗi za a daina turowa. Maganar ta tsaya mini a rai, domin bana saƙon ne ya hana ni zuba irina a ruwan farko, wanda ya sauka ya ɗauke har kusan mako uku.

A Talata Mafara muka karya da waina. Ta ƙanƙance, kuɗinta kuma ya hau, har direba ya ce nan gaba sai an sa tabarau kafin a gan ta a faranti. Daga nan muka miƙa Bakura. Hanyar ba laifi, sai dai ramuka nan da can. Gefe guda ruwan Bakolori na bin magudanai, mutane sun fara gyaran fadamun rani, gefe guda kuma damman gero jingine a gonaki.

A wani ƙauyen Bakura, inda ake tura saƙon, malama ta buɗe na'urarta ta tambayi wani manomi dami nawa ya samu. Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun samu na ci." Ta sake tambaya, ya sake gode wa Allah. Na san ko za mu wuni ba zai faɗa ba, don a wurinmu mutum ba ya ƙirga rumbunsa a gaban baƙo. Sai na ce ta tambaye shi dami nawa ya fitar na zakka. Nan take ya faɗa, ba ko gargada. Gonar damina ɗaya cikin goma ake fitarwa, saura lissafi ya rage gare ta. Haka muka bi gida gida, kusan kowa ya ce ya jinkirta shuka saboda saƙon, kuma bai yi shuka biyu ba.

A hanyar Maradun ta bayyana mini dabarar aikin. An zaɓi wasu ƙauyuka ana tura musu saƙo, wasu kuma ba a tura musu, don a kwatanta amfanin gonarsu. Ƙauyen da za mu je yana cikin waɗanda ba a tura wa. In gero ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu, to saƙon bai ƙara komai ba ke nan. Mun tsaya kusa da madatsar ruwa ta Bakolori muka sayi soyayyen kifi, muka ci da hoce, wato wainar dawa, muka yi azahar, sannan muka shiga ƙauyen.

Mutum na farko ya ce bai shuka a ruwan farko ba. Na biyu ma haka. Zakkarsu kuwa ba ta gaza ta mutanen Bakura ba. Na ga fuskar malama ta canza. Da muka zo kan wani dattijo, bayan doguwar gaisuwa, ta ajiye na'urar ta ce, "Baba, me ya hana ku shuka, alhali ba a turo muku saƙo?"

Ya ce, "Ɗiyata, wa ya ce ba mu ji? Ƙanena dillalin shanu na, kowace Talata shina Mafara. Akwai wani mutumin Garbadu da ka karanta ma su saƙon a rumfar mai shayi, bakin kara. An ce a hankali shika karatu, kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa, amma ba shi kuskure. Shi munka bi."

Direba ya juyo ya dube ni. Mai karatun nan ni ne. Shekara uku ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma saƙon nan da shi nake gwada karatuna, in karanta da ƙarfi ga duk wanda ke zaune. Ban taɓa tambayar inda suke kai shi ba. Na ji nauyi, domin na ɓata wa baiwar Allah awonta na shekara guda. Amma in na yi shiru, za ta rubuta cewa saƙon bai yi amfani ba.

Na ce, "Malama, ni ne ɓarawon."

Ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Dattijon ya kama hannuna ya ce ashe ga malaminsu sun bar shi a kan tabarmar kaba, a kawo buzu. Nan take malama ta ƙara tambayoyi uku a takardarta: ka ji saƙon, daga bakin wa, me ka canza a gonarka? Muka koma kan waɗanda muka riga muka tambaya. Sai ga shi saƙon ya bi ta kasuwa, ta masallaci, har ta gidan suna.

Mun kamo hanya kafin la'asar ta yi sanyi, don yanzu ba a son yamma ta riski mutum a daji. A mota ta ce hukuncin ba a hannunta yake ba, amma za ta rubuta abin da ta gani, har da rumfar mai shayi. Na iso gida ana kiran magariba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, wanda zai auna amfanin labari a ƙasarmu sai ya fara bin sawunsa, domin Bahaushe ba ya jin za a yi fari ya ɓoye wa maƙwabcinsa. Da za ta sauke ni na tambaye ta ko in daina karantawa a kasuwa, don kada in sake ɓata musu awo. Ta ce, "A'a Baba, ka dai riƙa ɗaga murya."