Hannun Hajiya a Gindin Matakala

Ni ce 'yar farin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In da ni take magana sai ta ce "ke", in kuma wani take ba labarina sai ta ce "waccan". Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, a can na girma. Ƙannena suna ce mata Umma, suna hawa cinyarta, ni kuwa Hajiya nake ce mata kamar maƙwabciya. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin zalunci ba, haka na ga ana yi. Sai da na haura hamsin, wata rana na zauna ina duba hotunan gidanmu, na biki da na suna da na salla, na ga babu ko ɗaya da muke ciki ni da ita kaɗai. In ina ƙarshen dama tana ƙarshen hagu, da mutum shida a tsakaninmu, tana kallon ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai, har na kasa cin abinci ranar.

Hajiya tana zaune a Jos wurin ƙanwata, ni kuma ina aikin jinya a Ikko. A wata damina ta ce tana son ta ga gidan da aka haife ta a Koki, cikin birnin Kano, tun ƙafafunta suna iya kai ta. Rabonta da gidan tun rasuwar mahaifiyarta. Ƙanwata ba ta sami hutu ba, sai tafiyar ta faɗo kaina. Na ce to, ga dama ta samu. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wata mai ɗaukar hoto 'yar Jakara, muka yi magana a waya, na ce ina son ta zo ta ɗauke mu a tsohon gidanmu da safe, mu kaɗai. Ban faɗa mata ainihin abin da nake nema ba. Na dai rubuta jerin hotunan da nake so a takarda, yadda nake rubuta maganin marasa lafiya, na farko kuwa shi ne ni da Hajiya a zaune kusa da juna.

An yi ruwa da asuba ranar. Adaidaita sahu ya sauke mu inda titi ya ƙare, muka tarar da mai hoton tana jiran mu a bakin lungu. Gajeriya ce, ta kai shekara arba'in da wani abu, da hijabi ruwan ƙasa da takalmin roba duk laka, kyamara biyu rataye a wuyanta. Na yi zaton zan ga wata 'yar gayu da fitilu da lema. Ta durƙusa ta gaida Hajiya har ƙasa, ta karɓi takardata ta karanta, ta ninke ta sa a aljihu. Tun daga nan na fara jin haushinta.

Abin da ya biyo baya har yau yana ba ni mamaki. Hajiya ce fa da a Jos sai an riƙe ta take hawa dandamalin ƙofar ɗaki. Muna shiga lungun nan ta zare hannunta daga nawa ta wuce gaba. Lungunan cikin birni ba su da alama, wani ya rabu biyu, wani ya ƙuntace har sai mutum ya karkace, ga kwata a tsakiya tana gudu da ruwan asuba. Ita kuwa ko tambaya ba ta yi ba. Tana tafiya tana shafa katanga da tafin hannu, tana faɗin abin da yake wurin a da: nan dukawa suke zama, nan wata tsohuwa take sayar da alkaki, nan rijiyar da aka hana su leƙawa. Wasu gidajen an rushe an yi na bulo, amma sai ta kewaye su kamar tana ganin tsohon ginin a ƙarƙashi. Ni da na zo raka ta, ni ce na koma mai bin baya ina haki.

Gidan yana nan da gininsa na ƙasa. Kakannin Hajiya fatake ne da suka ƙetaro hamada suka zauna a Kano, su suka gina shi. Mun shiga zauren farko, muka shiga na biyu, sai sanyi ya rufe mu, da wani ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ban taɓa jin irinsa ba. Kaurin bangon ya kai tsawon hannuna. Na ɗaga kai na ga rufin ya tashi sama ya haɗe a tsakiya, irin ginin da ake kira ɗaurin guga, azara a jere baƙi ƙirin saboda tsufa, babu ƙusa babu ƙarfe. Na yi shekaru ina shiga manyan benaye a Ikko ban taɓa rage murya ba, amma a nan sai na ji ina magana ƙasa-ƙasa. Mutanen da ba su da komai sai laka da itacen giginya suka ɗaga wannan a kan kawunansu, kuma ga shi ya ga bayansu da bayan 'ya'yansu.

Matar kawuna ce take riƙe da gidan yanzu, tsohuwa mai yawan dariya. Suka rungume juna da Hajiya suka yi kuka, suka yi gaisuwa mai tsawo, aka jero matattu ɗaya bayan ɗaya ana yi musu addu'a. Aka kawo shayi da alkaki. Mai hoton tana rakuɓe a gefe, ni dai ban ga ta ɗaga kyamara ba. Na duba agogo sau uku.

Da na ga lokaci yana tafiya sai na ɗauki al'amarin a hannuna. Na jawo kujeru biyu 'yan tsugunne na ajiye a tsakar gida, na ce Hajiya ta zauna. Ta zauna. Ina zama kusa da ita ta ja kujerarta gefe. Na matsa, ta sake ja. Na kai hannu zan dafa kafaɗarta, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta ta juya wa kyamara ƙeya.

"Hajiya, hoto ɗaya ne fa," na ce.

Sai ta dubi matar kawu ta ce, "Ki ce wa waccan ta bari. Mene ne haka a gaban mutane?"

Matar kawu ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki. "Ke ma dai da neman magana," ta ce mini. "Yaushe kika taɓa ganin an yi haka?"

Ni mai saurin fushi ce, duk gidanmu an sani. Na tashi na bar musu tsakar gidan na koma zaure, idona ya ciko. Na taso tun daga Ikko, na ɗauki hutu, na kawo ta har ƙofar ɗakin da aka haife ta, amma zama kusa da ni na minti ɗaya ya gagara. Na ji kunya kuma, mace mai jikoki tana kuka a zauren mutane saboda hoto.

Mai hoton ta biyo ni. Ta tsaya tana kallon rufin kamar shi ya kawo ta.

"Ke ce 'yar fari ko?"

Na ce ni ce.

"Ai da kin faɗa min tun a waya, da ban bari kin jawo kujerun nan ba. Ko kwana za mu yi ba za ta zauna ba."

"To aikin me kika zo yi?" na ce. "Ba ke ce mai hoton ba? Ki lallashe ta mana."

"Ba na lallashin tsofaffi," ta ce. "Hoton da aka yi dole ba ya kyau, ke ma ba za ki so ki rataye shi ba. Ki share fuskarki ki je ki ga gidanku. Akwai matakala a bayan ɗakin girki, ki hau soro ki ga gari. Ki bar ni da su."

Na share fuskata. Na wuce ta tsakar gida ban kalli kowa ba. Matakalar ta ƙasa ce, siririya, a manne da bango, babu abin dafawa, ga ta a jiƙe. Na tattare zanina na hau a hankali ina dafa katanga.

Ina kaiwa sama fushin ya fita daga raina ban san lokacin ba. Ruwa ya wanke garin tas. Ga dutsen Dala can ya yi ja, da ɗan kore-kore a jikinsa, mutane ƙanana suna hawa. Rufin gidaje ya bazu ta ko'ina har inda ido ya gaji, na ƙasa da na kwano a cakuɗe, hasumiyoyin masallatai suna leƙowa a tsakani, indararo yana ta ɗiga. Tattabarun wani suka tashi gaba ɗaya suka kewaya suka dawo. Daga ƙasa ina jin daka a wani gida, da amon maƙera daga wajen kasuwa, da karatun yara, duk a lokaci guda amma kowanne da wurinsa. Na tuna a kan wannan soron Hajiya ta ce suke shanya kuɓewa suna yara. Ban taɓa tunanin ta taɓa zama yarinya ba sai a wurin. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

Da na sauko na tarar mai hoton ta zaunar da Hajiya a cikin zaure na biyu, tana jira. Ta ce mu yi shiru, rana ta kusa leƙowa ta wata 'yar taga can sama. Muka jira. Can sai haske ya sauko siriri ya faɗa a kan fuskar Hajiya da hannayenta, sauran ɗakin duk duhu. Ta danna sau biyu ta ce an gama. Hoton zai yi kyau, na sani, amma ita kaɗai ce a ciki. Na yi wa mai hoton godiya a bakin lungu ba da zuciya ɗaya ba.

A rana ta uku, da hantsi, muna haɗa kaya za mu koma Jos, mai hoton ta zo masaukinmu da ambulan ɗin hotuna. Hajiya tana ɗaki tana sallar walaha. Muka zauna a baranda na fara dubawa. Ga Hajiya a lungu da hannunta a kan katanga. Ga ta da matar kawu suna kuka. Ga na zauren, wanda ya fi yadda na zata kyau nesa ba kusa ba. Sai na zo kan wani na tsaya.

Ni ce a kan matakala, na kai rabi, na juya baya, na tattare zani. A ƙasa kuwa, a gindin matakalar, ga Hajiya a tsaye. Ban san ta taso daga kujerarta ba. Mayafin ya zame mata har kafaɗa ba ta kula ba. Ta ɗaga kai tana kallona, bakinta a ɗan buɗe, hannunta na dama a miƙe sama, tafin a buɗe, yadda ake yi wa yaron da ya fara koyon hawa. Ni da nake da jikoki. Ita da ko tsayuwa sai da dabara. Ban taɓa ganin fuskar nan tata ba, domin duk ranar da na juyo sai in tarar ta riga ta sunkuyar da kai.

Ba shi kaɗai ba ne. Ga wani ina sunkuyawa zan shiga wata gajeriyar ƙofa, tana bayana tana kallon kaina kada in buge. Ga wani ina shan ruwa a moɗa, kowa yana kallon matar kawu tana ba da labari, ita idonta yana kaina. Na ɗago na dubi mai hoton.

"Ban ce mata komai ba," in ji mai hoton. "Na dai tsaya inda ba ta lura da ni. Ni ma ina da ɗan fari, yana karatu a Zariya. Na san lokacin da ake kallon su."

Ta ciro takardata daga aljihu ta miƙo mini, a ninke yadda ta karɓa.

A mota na ajiye ambulan ɗin a kan kujera tsakanina da Hajiya, ban ce ta duba ba. Sai da muka wuce Kwanar Ɗangora ta ɗauka. Tana duba ɗaya-ɗaya, tana faɗin wani abu a kan kowanne, wannan bangon ya tsage, matar kawu ta tsufa. Da ta zo kan na matakalar sai ta tsaya. Ni kuma na kafe idona a kan ƙeyar direba. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"Matakalar nan santsi gare ta," ta ce, tana kallon taga. "Tun muna yara take ka da mutane."

Ta mayar da sauran cikin ambulan ta ajiye a inda ta ɗauka. Wancan kuwa ta buɗe jakarta ta sa shi a aljihun ciki, inda take ajiye carbinta, ta ja zif. Da na koma Ikko sai da na kira mai hoton na ce ta sake wanko mini wani.