Ɗan Gawo a Tabarmar Malam Abdulgafar

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Ƙanƙara da hantsi zai iske tabarma shimfiɗe a ƙofar wani shago, mutane sun kewaye ta, babura na jira a gefe. Ba abinci ake ci ba. Abin da ke tsakiya ko famfo ne da ya ƙone, ko waya da ɓera ya gaigaye, duk dai abin da ya ba su kunya jiya a bakin rijiyar burtsatse. Malam Abdulgafar, shugaban waɗannan masu haɗa famfon sola da ke aiki har Faskari da Sabuwa, yana daga gefe da kofin shayinsa. Sabon shiga shi ke fara magana, sai wanda ya riga shi zuwa. Malam ne na ƙarshe, wani lokacin ma iyakar abin da zai ce, "To, a hau hanya."

An daɗe ana mamakin wannan irin shugabanci. Ta yaya mutumin da ya fi kowa hannu zai zama wanda aka manta rabonsa da riƙe sifana? Saudatu, mai haɗa wayoyin akwatin wuta, ta ce, "Da farko na ɗauka ƙyuya ce. Daga baya na gane in ya riga mu magana, duk sai mu ce haka ne, kowa ya haɗiye abin da ya gani." Tambaya ɗaya ya hana a kan tabarmar, wato wa ya yi. Wadda ya yarda da ita ita ce, "Mi ya faru?"

Ranar da aka gwada wannan doka da gaske, a kan Bilya ne, wani matashi cikin ma'aikatansa. Da damina Malam ya tura shi ya kafa farantan sola a wani ƙauye kusa da 'Yankara. Bilya ya zaɓi fili mai rana, ba komai kusa sai wani gawo daga kudu, rassa zalla. Bilya ɗan manomi ne, ya san gawo yana kaɗe ganye da damina ya cika da rani, amma ranar idonsa na kan rana kawai. Rani na kamawa gawo ya yi duhu, inuwa ta kwanta a kan farantan, famfo ya koma ɗigo daidai lokacin da tafkuna suka ƙafe.

Gari ya rabu. Wasu suka ce a sare gawon. Mai gonar, Alhaji Rabo, wanda tumakinsa ke rayuwa da 'ya'yan itacen, ya ce sai dai a fara sare shi. Abin da suka haɗu a kai shi ne kada Bilya ya ƙara taka musu gari, suka kuma aiko wa Malam ya sallame shi. A kasuwa har an raɗa masa suna, Bilya Inuwa. Ya san in aka sallame shi da wannan suna, ba mai sake ba shi ko haɗa ƙwan fitila.

Washegari Bilya ya zo da jakar kayan aikinsa don ya miƙa. Malam bai dubi jakar ba. Ya zaro ɗan gawo ɗaya daga aljihu, irin wanda tumaki ke ci, ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ga kayan yau. Mi ya faru?"

"Malam, wannan ai sai a kirawo akuya ta yi bayani," in ji Gide, babba a cikin ma'aikatan.

Aka yi dariya, bakuna suka buɗe. Saudatu ta ce duk cikinsu ba wanda ya taɓa tambayar yadda wuri yake a wani lokacin shekara, rana ɗaya suke zuwa su duba sama. Gide ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya je duba aikin, a gindin gawon nan ma ya jingine babur. Nan aka tsai da sabuwar ƙa'ida: ba a haƙa ramin turke sai an gai da dattawan gari, an tambaye su inda inuwa ke faɗawa rani da damina.

"Bilya, kai za ka je ka matsar da farantan," in ji Malam.

"Malam, sun ce kar su gan ni."

"Ni za ka goya. In za su kore ka, su fara sauke ni."

Waɗanda suka ga abin sun ce Malam ya zauna a dakalin Alhaji Rabo yana tambayarsa sha'anin tumaki, ko wayar wuta bai taɓa ba. Bilya ya durƙusa ya roƙi dattijon ya shata masa iyakar inuwar da sandarsa. Kafin la'asar ruwa ya hau tanki. Gawon yana nan, tumaki na ci.

Malam, kai ne ka gane cewa korar mai kuskure ba ta korar kuskuren, yana nan yana jiran na gaba. Kai ne ginshiƙin da ba ya tsayawa gaban hoto. Da ka karɓi jakar nan, da ka huta da surutun gari, mu kuma da mun yi asarar ma'aikaci da darasi gaba ɗaya.

Bana gwiwa ta hana Malam hawan babur. Ranar da ya ajiye aiki ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya miƙa wa Bilya.

Mun gode, Malam Abdulgafar. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ruwan da mutane ke sha ya zame maka sadaka mai gudana. Ku kuma masu riƙe da ma'aikata, a shago kuke ko a babban kamfani, in abu ya ɓaci ku fara shimfiɗa tabarma, ku bar ƙarami ya faɗi abin da ya gani.

Har yanzu Malam yakan leƙo shagon da sandarsa. Kwanan baya ya iske su a zaune, wani famfo a tsakiya. Bilya ya matsa masa wuri, ya ce, "Malam, yanzu fa kai ne baƙo a nan. Kai za ka fara."

Malam ya juya famfon a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya fara.