Tabarau a Gefen Takarda

Shekara talatin da ɗaya Hinrich Osterloh ya yi yana jagorantar ƙungiyar makaɗan garinmu. Ashirin da biyu a ciki ni ce mai ɗakin takardun kiɗa: in raba wa kowa tasa, in an gama in tattara, in goge abin da suka rubuta da fensir. Makaɗa ba sa barin takarda ta huta. Duk inda ya kamata a ɗaga ido a dubi sandar jagora, sai su zana ɗan tabarau a gefe.

Ɗan mai gyaran agogo ne, kuma haka ya ɗauki kiɗa, komai da lokacinsa. Ba dariya, ba yabo. Matarsa ta gaji ta koma wajen yayarta, ko bin sawu bai yi ba. Burinsa ɗaya ne, wani dogon kiɗa da ya fara tsarawa tun yana saurayi don ƙanensa da teku ta ci. Kullum "saura kaɗan". Har muka mai da shi abin tsokana, ko kofi ne ya ƙi tafasa sai wani ya ce saura kaɗan.

Kafin ya gama, kunnensa ya fara mutuwa. Kowa ya sani, ba mai bakin faɗa. Sanda na gabas, kiɗa na yamma.

Da ya kawo kiɗan a ƙarshe, Wiebke Tammen, shugabar masu kaɗa goge, ta tara makaɗa a bayan idonsa. "Ku bi hannuna," in ji ta. "In muka bi tsohon nan, rami za mu faɗa, har da shi." Sai kowa ya bi tabaransa yana sokewa da layi, wato kar a kalle shi.

Ranar Lahadi da rana aka kaɗa kiɗan a gaban jama'a. Ya yi daɗi, har mutane na share hawaye. Na ga Hinrich ya yi murmushi, abin da ban taɓa gani ba. Don murna na tafi gida ban goge komai ba, kuma har gobe ban yafe wa kaina wannan ba.

Litinin da safe sai ga shi a ɗakin takardun.

"Gesa, ba ni takardun, akwai wuri biyu da zan gyara."

"Maigida, bari in goge su tukuna."

"Fensir ne zai cije ni? Miƙo."

Na miƙa. Ya buɗe ta mai sarewa, ya tsaya. Ya buɗe ta mai ganga. A tsaye ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duka arba'in da shidan, ni kuwa kamar in nutse. Wuri ɗaya kaɗai suka bar tabarau ba a soke ba, can ƙarshe, inda jagora ke sauke hannu kowa ya yi shiru.

"Nan kawai suka dube ni?" ya tambaya.



Ya ɗauki abin gogewata, ya ja kujera, ya bi wannan na ƙarshen yana gogewa a kowace takarda, a hankali, yana hure ƙurar.

"Wannan ma Wiebke za ta iya," ya ce.

Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar sandar a kan teburina. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, gidansa layi biyu daga zauren da muke kiɗa, bai zo ya karɓa ba.