Cikin da Ƙanwata Ta Ba Ni

A danginmu ana ba da ciki kyauta. Haka muka taso muka tarar, tun kakanninmu da fataucin tufafi ya kawo su Garwa daga Kano. Mace mai yawan haihuwa sai ta dubi 'yar'uwarta da Allah bai ba ba, ta dafa cikinta a gaban mutane, ta ce, "Wannan naki ne." A raba goro, magana ta ƙare. Daga ranar ajiya kawai take ɗauke da ita: ta haifa, ta shayar, ta yaye, ta miƙa. Wadda ta bayar ba ta dawowa ta ce ta fasa, ban taɓa ji ba. Sai dai wadda aka ba ta buɗe baki ta ce, "Na yafe."

Ni shekarata goma sha ɗaya da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Rubutu na sha, sassaƙe na sha, har Kuseri na je wurin wata tsohuwa ta murje ni kamar mai wanke tsumma. Mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini kai a kan haka ba. Amma mata! Atamfa nake sayarwa a gida, mace za ta zo ta zaɓi turmi, ta yi ciniki har ki gaji, sannan ta ce, "Ke kam Hajiya ki rage mana, wa kike tara wa?"

Ƙanwata da ke bi na kuwa 'ya'yanta huɗu. Mijinta direba ne, yana jigilar auduga daga Pitowa da Tuboro. Ga ta da barkwanci, ga zuciya a kusa. Takan ce, "Adda, ni ko gaisawa muka yi da mutumin nan a zaure sai in ji amai." Adda take ce mini, irin na Fulanin garinmu, har mijinta ya ɗauka.

Ranar sunan jaririn wata 'yar kawunmu abin ya faru. Ina riƙe da jaririn, sai wata daga dangin mijin mai jego ta miƙo hannu ta karɓe shi. "Kawo shi nan, ba ki saba ba, kada ki karya masa wuya." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don na iya. Ƙanwata ce ba ta yi ba. Ta miƙe tsaye, gyalenta ya zame, ta dafa mararta da ko tasowa ba ta yi ba.

"Ku shaida, abin da ke jikina na Adda ne. Sai mu ga mai ƙwace mata wannan."

Mata suka dubi juna, don wace mace ce ke shelar cikin wata guda a gidan suna? Sai wata gwaggonmu ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar an raba goro, ni kuwa ina bayan gida ina kukan daɗi.

Akwai abin da zan faɗa a nan, kada wani ya wanke ni. Bayan haihuwar ƙanwata ta huɗu ƙafafunta sun kumbura, ta yi wata biyu tana barci a zaune don numfashi ba ya zuwa in ta kwanta. Ni na riƙa matsa mata ƙafafun nan da man shanu. Na sani sarai.

Shekarar nan ce kuɗin sefa ya faɗi, atamfa ta yi tsadar da masu saye suka ɗauke ƙafa. Duk da haka na zaro turmi mafi kyau a cikin kayana, mai ruwan ganye, na yanka zanen goyo. Na sayi baho, na sayi majanyi. Ciki bai kai wata uku ba ni har na zaɓi inda gadon yaro zai zauna.

Da zafi ya kankama, irin zafin Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa, sai ƙanwata ta yanke jiki ta faɗi tana jan ruwa. Ni na raka ta asibiti. Likitar mace ce 'yar kudu, tana Faransanci, nas tana juya mana da Fillanci. Ta ce zuciyar ta kumbura, da wuya ta kai cikin nan wata tara uwar tana da rai. Ta ce doka ta yarda a cire idan ran uwa na cikin haɗari, amma a yi da wuri. Ni dai hoton shugaban ƙasa da ke bango na ƙura wa ido, don kada mu haɗa ido da ƙanwata.

Kai, gidan Inna, mahaifiyarmu, ya koma kotu. Kawunmu, wanda ke limanci a masallacin unguwa, ya ce haram ne tun ranar da ciki ya shiga, kisan kai ne, ba ruwansa da takardar likita. Mijin ƙanwata ya je ya tambayo wani malami a Pitowa, shi kuma ya ce ba a busa rai sai wata huɗu, kuma ko an busa, ran uwar da ke tsaye da 'ya'ya huɗu shi ne gaba. Maƙwabciyar Inna, wata Kirista mai sayar da kifin Binuwai, ta shigo ta goyi bayan Kawu. Ranar na fara ganin bakinsu ya zo ɗaya a kan wani abu. Inna ba ta da ilimin gardama, kuka kawai take tana cewa, "Ni dai 'yata nake so." Mijin ya gaji ya ce, "Ni na zaɓi matata, Allah ya yafe mini."

Kowa ya faɗi tasa. Ni kaɗai ce ban ce uffan ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayata.

Ƙanwata ce ta zo da kanta. Bayan azahar ne, na ji tsayuwar babur a ƙofa. Matakala uku ce ke shiga ɗakina, sai da ta huta sau biyu. Ina ɗinke bakin zanen goyon nan, na yi wuf na tura shi ƙarƙashin matashi, amma gefensa ya leƙo. Ta gani. Ta zauna, ta sha ruwan randa, ta daɗe tana mai da numfashi.

"Adda, wurinki na zo."

"Ai da kin aiko na zo. A wannan zafin ranar?"

"Maganar ba ta aike ba ce. Kin san ni na ba ki da bakina, a gaban mutane. Ba zan iya sa hannu in karɓe ba. In kin ce kin yafe, gobe in koma wurin likita. In kin ce a'a, to, naki ne."

Kalma biyu take nema. Wallahi na ji su a bakina, sun zo har kan harshe. Sai idona ya faɗa kan gefen zanen nan. Na ji muryar matar nan tana cewa ban saba ba. Na ce a raina, shekara goma sha ɗaya.

"Haba, ke kuwa," na ce, "likita Allah ce? Mutum nawa suka ce zai mutu ga shi yana yawo? Ba ki ji abin da Kawu ya ce ba? Ni ina ni ina ɗaukar alhakin rai?"

Ni da ko karatun Kawu ban taɓa zama na saurara ba, ranar na zama malama. Na yi ta zuba, tana kallona. Ta san ni ciki da bai, ta san ba tsoron Allah ke magana ba. Da na gama sai ta yi ɗan murmushi, ta jawo zanen daga ƙarƙashin matashin, ta shafa shi.

"Kin iya zaɓe, Adda. Wannan ba ya zuba." Ta dafa bango ta miƙe. "Shi ke nan, Allah ya raba lafiya."

Ta gaya wa mijinta ita ce ta ƙi, ta ce tsoro take ji. Ba ta taɓa ambaton sunana a ciki ba. Wata biyar ta yi tana barci a jingine da bango, ƙafafu kamar turmi, leɓe ya yi baƙi. In na je sai ta kamo hannuna ta ɗora a cikin. "Ji 'yarki, dambe take yi da ni. Halinki ta ɗauko." Kullum in na fito sai in ce gobe zan faɗa. Har wata huɗun ya wuce, na samu abin fakewa.

A wata na takwas aka yi mata aiki, aka ciro mace, 'yar mitsitsiya. Uwar ta kwana huɗu. Ranar ƙarshe na sunkuya kusa da bakinta don muryar ta tafi.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Ta yi miki?"

Abin da ta tambaye ni ke nan. Na kifa kai a kan hannunta. Kafin la'asar ta cika.

Sadakar uku da suna rana ɗaya suka faɗo. Ana yanka rago a waje, ana karɓar gaisuwa a ciki. Kawu ya ce kwananta ne ya ƙare, ta yi shahada. Na yarda da ajali, ban taɓa musu ba. Amma da hantsi mijinta ya shigo har ɗakin mata, abin da namiji ba ya yi, da jaririyar a hannunsa. Ya durƙusa ya ɗora mini ita a cinya.

"Adda, ga ajiyarki. Ta ce kada a jira yaye, a kawo miki ranar suna."

Ya miƙe ya fita. Har yau ban san ko ya sani ba. Yaran nan huɗu aka raba su, biyu Pitowa wurin kakarsu, biyu wurin Inna. Ni kuma na goya tawa da zane mai ruwan ganye.

Sunan uwarta aka mayar mata, shi ya sa ban taɓa iya kiranta da shi ba. Yau ta girma, ita ke riƙe mini cinikin atamfa, dariyar uwarta sak. In mata suka taru a gidan biki aka ɗauko maganar zubar da ciki, wannan ta ce kisa ne, waccan ta ce lalura ce, sai a juyo gare ni. "Hajiya, ke me kika gani?" Sai in ce zan duba tukunya. Masu maganar ba su binne kowa ba, ba su kuma goya kowa ba. Ni na yi duka biyun a mako guda.

Zanen yana nan a ƙasan akwatina, bai zuba ba, kamar yadda ta ce. Wani lokaci in gida ya yi shiru bayan azahar, nakan fito da shi in zauna a inda ta zauna, in faɗa a fili: "Na yafe. Ki koma wurin likita, na yafe." Sai yarinyar ta kwaɗa mini kira daga tsakar gida, "Mama, an zo sayen kaya!" In ji zuciyata ta yi fari tas da jin muryarta. Allah ka yafe mini, daɗi nake ji. In ninke zanen, in share fuska, in ce mata ga ni nan zuwa.