Didier Taiwe, Mai Bisharar da Ya Zama Maƙerin Mahauta

Haihuwa da karatu

An haifi Didier Taiwe a shekarar 1981 a garin Maga. Mahaifinsa Danwe manomin shinkafa ne, mahaifiyarsa Suzanne kuwa bandar kifi take yi. Bayan firamare ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki a Marwa, inda a 2003 ya bayyana wa malamansa cewa Ubangiji ya kira shi ya kai bishara ga mahautan Garwa, ya kuma tsaya wa raunana a cikinsu. Da yake Hausa ce harshen mahauta, shi kuwa ba ya jin ta, sai ya nemi wani ɗan ajinsu ya koya masa. Wannan malami, Allah ya yafe masa, ya tabbatar masa cewa Bahaushen ƙwarai ba ya furta "k" sai ya maƙe wuya. Didier ɗalibi ne mai biyayya, don haka har ya koma ga Allah duk "k" ɗin da ta shiga bakinsa "ƙ" take fitowa.

Fara aiki

A watan Fabrairun 2005 ya isa wata ƙaramar mayanka a bayan garin Garwa, sanye da kwat, Littafi a hammata, ya durƙusa gaban sarkin pawan wurin, Alhaji Abdulhalim, wanda maƙerinsa bai daɗe da rasuwa ba.

"Ranƙa ya daɗe, Allah ya ba ni ƙira, shi ya sa na zo wurinƙu."

"Alhamdu lillahi! Yara, ku kwaso wuƙaƙe, mun sami maƙeri."

"Pardon, Alhaji, ba ƙira ba, ƙira!"

"Mun ji mana, yaro. Mu ba kurame ba ne."

Kunya ta hana shi mayar da wuƙaƙen. Ya kai su wurin wani tsohon maƙeri mai suna Usmanu, ya zauna koyon zuga da washi, bisa niyyar ya riƙa wa'azi yayin da masu wuƙa ke jira. Haka kuwa aka yi: mahauta suna saurara, suna gardama, suna gyara masa labarin Annabi Yunusa, sa'an nan su karɓi wuƙaƙensu su tafi masallaci. Su ne suka laƙaba masa "Fasto", alhali ba a taɓa naɗa shi ba.

Aure da jarrabawa

A 2008 ya auri Solange, mawaƙiya a majami'a, wadda ta karɓe shi da ƙaurin gawayinsa. Kowace shekara dattawan ikilisiya sukan tambaye shi rai nawa ya jawo, shi kuwa ba ya ƙarya, sai ya ce babu ko ɗaya. A 2012 suka cire sunansa daga masu bishara. Wannan abu ya yi masa ciwo ƙwarai, domin tun daga ranar ya shiga tsoron ko dai Ubangiji bai taɓa kiransa ba.

Yajin aikin mutum ɗaya

A 2015 matan da ke wankin kayan ciki, ƙarƙashin jagorancin Hadijatu, suka roƙi a sa musu famfo da rumfa, domin a kwatar jini suke tsayuwa wuni guda cikin rana, har ƙafafunsu sun yi gyambo. Manyan mahauta suka ce sai an duba. Didier bai yi wa kowa wa'azi ba; ya kashe wutar maƙera ana dab da Babbar Sallah, ya zauna bakin ƙofa yana karatu. Sauran maƙera, da Usmanu ya yi musu magana, duk suka ce ba su da lafiya. Ranar da wuƙar Alhaji Abdulhalim ta kasa ratsa hanta a gaban yaransa, ya zo da kansa ya ce: "Fasto, ka ji tsoron Allah." Didier ya amsa cewa abin da ya kawo shi Garwa ke nan. Kafin hawan idi famfo ya fara zuba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Mayu 2023 bayan jinyar ciwon ƙirji, yana tambayar matarsa ko tana ganin an kira shi da gaske. Ranar jana'iza ba a yanka ko akuya a mayankar ba. Mahauta da su Hadijatu suka cika maƙabartar Kirista, suka kuma ɗauki nauyin dutsen kabari. Lukmanu ɗan Sarkin Pawa ne ya rubuta shi, yadda ya saba ji daga bakin mamacin: "Ya amsa ƙiran Ubangiji." Limamin ikilisiya ya nemi a kankare lanƙwasar "ƙ" ɗin, sai Solange ta ce: "Mon pasteur, a bar ta. Haka ya ji shi, haka ya amsa."

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Chantal, ɗaliba a Tcholliré mai burin aikin jinya, Suzanne, ɗaliba a Marwa, da babbansu Fabrice, wanda ya gaji maƙerar tun yana matashi, wanda har yau mahauta ba su san shi da wani suna ba sai Ɗan Fasto.