Famfo a Baki, Lampo a Takarda

Ranar Larabar da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekara ta uku da saukar tutar Faransawa, ina tsugune a zauren gidanmu a Djougou, wadda mu muke kira Zugu, ina yayyafa wa huhunan goron Baba ruwa, ludayi uku kowane huhu ba ƙari, sai ga wani dogon mutum mai gajeren wando ya tsaya a bakin ƙofa babu ko sallama. Mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi. Babban littafi ne a hammatarsa, da gwangwanin jan fenti a hannu. Da yake ni kaɗai ne ɗan lakwal, wato makarantar boko, a gidan, aji uku nake, sai Baba ya ce, "Kai ɗan boko, tashi ka ji abin da ya kawo shi."

Ƙarshen rani ne lokacin, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san abin da wannan ke nufi. Rijiyar da kakanmu ya haƙa tun zamanin fatake takan koma taɓo, ka zura guga ka jawo rabi ruwa rabi laka. Mu yara mukan bi yayyenmu mata zuwa ƙorama a bayan gari, tulu a ka, mu dawo wuya ya sage, sannan a ce mu tafi lakwal. A hanya muke yin langa, in tulu ya fashe kuma jikinka ya gaya maka. Gidanmu kuwa ba ƙaramin gida ba ne. Ga mata, ga 'ya'ya, ga barori, ga baƙin Baba masu sauka da goro su yi wata guda, kowa da butarsa. Yayata Hajo kurkunu ya kwantar da ita rani biyu a jere, ina gani ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan tana cizon zane.

Mutumin ya yi bayani mai tsawo, na tsinci abin da na tsinta. Wai za a gina shato, babban tankin ruwa a sama, a ja bututu unguwa-unguwa. Wai garin yana girma, don haka suna son sanin mu nawa ne yau, don su auna mu nawa za mu zama nan da shekara ashirin, su san kaurin bututun da za su binne. Da na fassara, Baba ya ce, "Yawanmu bayan shekara ashirin? Tambaye shi ko shi ne yake busa rai." Ban fassara wannan ba. Amma abin da ya ɓata komai kalma ɗaya ce. Mutumin sai maimaita "la pompe, la pompe" yake yi, kunnen Baba kuwa lampo yake ji, wato harajin kai. Na ce, "Baba, famfo yake nufi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Famfo a bakinsa, lampo a takardarsa. Ka ce mu bakwai ne." Mun haura talatin.

Ba na ganin laifin tsohon gaba ɗaya. Shi dai a saninsa ba a taɓa ƙirga mutum don alheri ba. Ƙirgar farko da ya gani ta kawo lampo, ta biyu ta ɗauke ƙanensa zuwa aikin dole na layin dogon Parakou, ko hularsa ba ta dawo ba. Ga shi kuma a wurinmu ba a ƙirga 'ya'ya, ba a faɗin sunan matan aure ga baƙo. Tuta ta canja, amma littafin da fentin duk irin na da ne. Bayan la'asar dattawa suka tsaya a ƙofar masallaci suka ƙulla magana, kowa ya rage yawan mutanen gidansa. Washegari mutumin ya roƙi a ba shi aron ni, na bi shi gida-gida kwana huɗu, ina juya ƙaryar unguwarmu zuwa Faransanci. Da ya ga hannuna yana da kyau, har alƙalamin ya miƙo mini, ni nake rubuta lambobin, har da na gidanmu. Daɗi nake ji kamar an naɗa ni kumandan. Da ya juya baya kuma, mata suka kankare jan fentin da ya yi alama da shi a ƙofofi, mu kuma muka tuge turakun awon da ya kafa muka yi wasan doki da su.

Shekara ta wuce, ba a ƙara wa kowa lampo ba, dattawa suka ce dabararsu ce ta ci. Sai da na bar lakwal, gemu ya fara tsiro mini, sannan ruwan ya iso. Bututun da aka ja mana bai fi karan dawa kauri ba, famfo ɗaya tak a bakin masallaci don unguwa guda. Yana zuba kamar fitsarin akuya, mata suna jera bokitai tun daga nan har kasuwa, faɗa kullum. Dattawa suka sa manyan riguna suka tafi buro, wato ofishin gwamnati, kai kuka, suka sake ɗaukata tafinta. Akawun bai ɗaga murya ba. Ya jawo littafin nan, ya buɗe, ya juyo mana shi. Gidanmu: bakwai, da rubutun hannuna. Ya ce abin da muka faɗa shi aka auna, kuma sai an sake sabon tsari. Baba ya juya, na bi shi har gida. A zaure ya ce da ni, "Da ma kai ka ji da kyau, me ya hana ka dage?" Ina ɗan shekara tara lokacin, in dage wa wa?

To amma ni ma ina da tawa tambayar. Unguwar ma'aikata da ke bayan buro ba su kai mu rabi ba ko da ƙaryarmu, bututunsu kuwa ya kai cinyata, har furanni suke shayarwa. Su wa ya ƙirga su?

Yau shekaruna sun ja. Na ƙare ƙarfina ina lodin kamyo, manyan motocin kaya, a Gare, tashar Parakou, ina zaune a unguwar Kpébié a gidan haya. Yaran yanzu ba sa ɓoye komai, in masu takarda suka zo har jaririn da ke ciki suke faɗa, kowa ya san tsari, kowa ya san taro. Duk da haka in rani ya yi, famfonmu iska yake hurawa, matata ta bi masu kura da jarka. Wani lokaci nakan yi marmarin lakar rijiyar kakana, don ita ba ta taɓa yi mana alkawari ba. Mun yi ƙarya mun sha ƙishirwa, yaran yanzu sun faɗi gaskiya suna shan ta, har yau ban gane wa ya cuci wa ba.